Ƙasar da Hukuma Take Ƙirga Ƙwarƙwatar Kifi

Da yawanmu mun san kifin ƙasar Norwe ba tare da mun san daga can yake ba. Busasshen kifin nan mai tauri da ake jibgewa a kasuwar Sabon Gari, wanda 'yan'uwanmu na kudu suke kira okporoko, daga arewacin Norwe ake ɗauro shi, haka ma wani kaso na kifin ƙanƙara da ke iso mana cikin kwali. Waɗannan duk kamun masunta ne. Kifin da ya fi kawo wa ƙasar kuɗi a yau kuwa ba kama shi ake yi ba, kiwonsa ake yi a cikin teku. Sunansa samon, namansa ja-ja ne mai maiƙo. A shekarar 2023 kaɗai Norwe ta fitar da tan miliyan 1.2 nasa zuwa kasuwannin duniya, ta karɓi kurona sama da biliyan 120, kuma kusan rabin irinsa da ake kiwo a duniya daga ruwanta yake fitowa.

Na je Norwe ne don in ga manyan kejin ƙarfe da aka ce sun fara kafawa can cikin teku, nesa da gaɓa. Na gan su, sun kuma cika ido. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hukuma ta tsoma hannu cikin wannan sana'a har gwiwar hannu, ta kai ga sanin adadin ƙwarin da ke manne a jikin kifi a kowane mako.

Daga birnin Trondheim muka yi yamma da mota, muka tsallake koguna biyu, Gaula da Orkla, muka hau wata hanya da mutanen wurin suke kira hanyar samon saboda tirelolin firji da ke binta dare da rana. Can sai titi ya sunkuya ya shige cikin dutse, ya yi ta gangara babu alamar tsayawa. Ramin da ke kai mutum tsibirin Hitra ke nan. Tsawonsa ya haura kilomita biyar da rabi, kuma a tsakiyarsa mota tana tafiya ne mita 264 ƙasa da fuskar teku. An buɗe shi a 1994. Kunnuwana suka toshe, na kama salati, direbanmu kuwa ko a jikinsa. Wani ramin makamancinsa, na shekarar 2000, shi ya fitar da mu tsibirin Frøya, ƙasa mai duwatsu tsirara da iska mai kaɗawa ba hutu, mutanenta dubu biyar da ɗoriya, cikinsu har da ɗimbin 'yan ci-rani daga Lituweniya da Folan masu aiki a masana'antar yankan kifi. Lokacin bazararsu ne, rana ba ta faɗuwa sai bayan sha ɗaya na dare, ko ta faɗi ma duhu ba ya sauka sosai. Magariba da isha'i da asuba duk sun matso sun haɗa kafaɗa, sai da jadawalin masallacin Trondheim na iya raba su.

A can Hitra kiwon samon a keji ya faro. A 1970 wasu 'yan'uwa biyu masunta, Ove da Sivert Grøntvedt, suka haɗa keji na katako mai kusurwa takwas, suka rataya masa raga, suka zuba ƙananan samon dubu 20 a ruwan gishiri, kuma kifin ya rayu ya yi ƙiba. Shekara uku kacal bayan haka, a 1973, majalisar ƙasar ta yi doka cewa babu mai kiwon kifi a teku sai da lasisi. Tun sana'ar tana rarrafe aka sa mata linzami, kuma duk abin da na gani daga baya a kan wannan tushe ya tsaya.

Har baƙo ma doka ce take kai shi bakin keji. Gwamnati tana ba wasu kamfanoni lasisi na musamman bisa sharaɗin su buɗe ƙofa jama'a su zo su ga yadda ake kiwon. Aka ba mu wata riga mai kauri da ke rufe mutum daga wuya zuwa idon sawu, wadda ke hana nitsewa da daskarewa in an faɗa ruwa, aka sa muka taka ruwan magani da takalmanmu, sannan ƙaramin jirgi mai gudu ya kwashe mu. Kejin zobe ne na baƙar roba mai yawo a kan ruwa, kewayensa mita 160, raga na rataye a ƙarƙashinsa zuwa zurfin mita talatin ko fiye, wata ragar kuma a sama don tsuntsaye. Kifi yana ta tsalle ko'ina cikin zoben, azurfa-azurfa, kowanne ya kai tsawon hannu. Abinci ta bututu ake huro shi daga wani jirgin ajiya da ke girke a gefe, mai kula da shi yana zaune gaban allunan kwamfuta yana kallon kifin ta kyamarar ƙarƙashin ruwa. Da ya ga sun fara barin ƙwayar abinci tana wucewa ƙasa, sai ya rage.

Matar da take yi mana jagora ta jero mana ƙa'idojin ba tare da duba takarda ba. Keji ɗaya ba ya wuce kifi dubu 200. Kowace mita guda ta ruwa, tsawo da faɗi da zurfi, ba a tara mata fiye da kilo 25 na kifi, wato kashi 97.5 cikin 100 na kejin ruwa ne. Lasisi ɗaya yana ba mai shi damar riƙe tan 780 na kifi mai rai a lokaci guda, a can ƙuryar arewa inda sanyi ke rage saurin girma kuma tan 945. In an kwashe kifi, dole wurin ya huta aƙalla wata biyu babu komai a ciki. Akwai kuma masu zuwa su zura ƙarfe mai baki su ɗebo taɓon da ke ƙasan keji, su duba launinsa, su shinshina shi, su nemi tsutsotsi da sauran ƙananan halittu a ciki, su ba wurin maki daga ɗaya zuwa huɗu. Wurin da kashin kifi da ragowar abinci suka kashe ƙasansa, ba a mayar masa da kifi sai ya farfaɗo. Jirgin da ba na gonar ba bai isa ya matso ƙasa da mita 20 ba, mai su kuma ya tsaya bayan mita 100.

Sannan aka zo ƙirgar da ta sa na rubuta wannan. Wasu samari biyu suka ja wani ɓangare na raga, suka kwaso kifi da ƙaramar koma mai mariƙi, suka zuba su cikin baho mai ruwan maganin sa barci. Da kifi ya lafa, sai ɗaya ya ɗauke shi da hannu biyu, ya juya shi, ya duba bayan kai da gindin ƙaya da kusa da wutsiya, yana faɗa ɗayan yana rubutawa. Abin da suke nema ƙwarƙwatar teku ce, wata 'yar halitta mai faɗi, ruwan ƙasa-ƙasa, ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, dangin ƙaguwa ce. Tana manne wa kifi ta ci yauƙin jikinsa da fata har ta kai ga jini. Aka nuna mini wata tamata da zare biyu na ƙwai a bayanta, kowane zare ɗauke da ɗaruruwa, waɗanda in sun ƙyanƙyashe ruwa zai kwashe su ya yi kilomitoci da su.

Doka ta ce a yi wannan ƙirga kowane mako muddin ruwa bai yi tsananin sanyi ba, a aika wa hukumar kula da lafiyar abinci da dabbobi, wadda suke kira Mattilsynet. Iyaka ita ce manyan mata biyar a jikin kifi goma. In bazara ta zo, na tsawon mako shida, iyakar takan sauko zuwa biyu a kifi goma. Jagorarmu ta ce in fito da wayata, ta buɗe mini wani shafi na gwamnati mai suna BarentsWatch. Taswirar gaɓar ƙasar ce baki ɗaya, kowace gonar kifi da ɗigonta. Na danna ɗigon da muke tsaye a kansa, sai ga sunan kamfanin, da ƙirgar makon jiya, da ta makonnin baya, da ranar da aka yi wa kifi magani, da ko akwai cuta a yankin. Ba a tambaye ni ko ni wane ne ba. Ɗan jarida da maƙwabci da abokin gasa da baƙo daga Kano duk abu ɗaya suke gani. A ganina wannan ya fi duk tarar da za a ci mutum tasiri, domin mai gona ya san ƙaryarsa ba ta da wurin ɓuya, kuma gazawarsa a bainar jama'a take.

Me ya sa ƙasa mai arzikin mai za ta damu da ƙwaro haka? Saboda samon na daji. Shi wannan kifi a kogi ake haifarsa, in ya kai tsawon tafin hannu sai ya gangara teku a bazara, ya yi shekara ɗaya zuwa uku yana yawo a can, sannan ya komo kogin da aka haife shi, ba wani ba, ya yi ƙwai. A hanyarsa ta fita dole ya ratsa mashigan ruwan da aka jera keji a ciki. Kifin da ke cikin keji a Norwe ya haura miliyan 400, na dajin da ke dawowa koguna a shekarun nan kuwa ba su kai rabin miliyan ba. Ko da kowane kifin keji yana ɗauke da ƙwarƙwata ƙasa da abin da doka ta yarda, yawansu kaɗai ya isa ya cika ruwa da 'ya'yanta, kuma 'yan kaɗan sun isa su kashe ɗan ƙaramin kifi mai wucewa.

Wannan ne ya haifar da tsarin da suke kira danja, wanda ya fara aiki a 2017. An raba gaɓar ƙasar gida 13. Duk bayan shekara biyu ake kunna fitilar, bayan masana, cikinsu har da na cibiyar binciken teku da ke Bergen, sun kimanta kashi nawa na ƙananan samon na daji ƙwarƙwatar keji ta kashe a kowane yanki. In bai kai kashi 10 cikin 100 ba, yankin ya samu koriyar fitila, masu gona su sayi ƙarin kashi 6. Tsakanin 10 da 30, ruwan ɗorawa, kowa ya tsaya inda yake. In ya haura 30, ja, a zabtare wa kowa kashi 6, mai laifi da marar laifi. An fara zabtarewar a 2020, wasu masu gonaki na yammacin ƙasar suka kai gwamnati kotu, suka sha kaye.

To a nan ne labarin tsakiyar teku ya shigo. Kasuwa tana neman ƙari, mashigan ruwa na gaɓa sun cika, doka ta tare hanya. A 2015 gwamnati ta buɗe wata ƙofa: duk wanda ya zo da sabuwar fasaha mai tsada da za ta iya magance matsalar wuri da ta ƙazanta, za a ba shi lasisin gwaji kyauta, in ya cika alkawari kuma ya mayar da shi na dindindin a kan kurona miliyan 10, alhali farashinsa a kasuwa ya ninka haka sau da yawa. Aka rufe karɓar takardu a 2017. Wanda ya fara samu kamfanin SalMar ne na nan Frøya, aka ba shi lasisi takwas.

Abin da ya gina da su shi muka fita gani a ruwan Frohavet, inda tsibirai suke ƙarewa teku ta buɗe. Tafiyar ba ta da daɗi, raƙuman ruwa suna ɗaga jirgi suna maka shi, bakina ya cika da gishiri. Can sai ga wani abu rawaya ya taso a gabanmu, ginshiƙan ƙarfe a kewaye, gidan ma'aikata a tsakiya a sama. Ocean Farm 1 ke nan. Faɗinsa mita 110, tsayinsa mita 68, kwatankwacin bene mai hawa ashirin, amma mafi yawansa yana nitse, abin da ido ke gani kansa ne kawai. An ƙera shi a Qingdao ta ƙasar Sin, aka ɗora shi a bayan wani jirgin dakon kaya aka yi makonni ana tafe da shi, ya iso a 2017. Cikinsa yana ɗaukar kifi sama da miliyan ɗaya. Injiniyoyin da suka saba gina dandamalin haƙar mai su suka zana shi, shi ya sa muna ta tangaɗi a jirginmu shi kuwa ko gezau. Mutanen da ke kwana a kansa 'yan ƙalilan ne, sauran aikin na'urori ne masu auna iskar shaƙa ta cikin ruwa da zafi da motsin kifi. Na daɗe ina kallonsa ina tasbihi, don ban taɓa zaton ɗan Adam zai gina wa kifi irin wannan gida ba. A can arewa, a yankin Vesterålen, kamfanin Nordlaks yana da wani mai siffar jirgin ruwa, tsawonsa mita 385, an ɗaure shi ta hanci yana juyawa da iska da igiyar ruwa, yana ɗaukar tan dubu 10.

Hujjar masu son fita teku mai ƙarfi ce. Ruwa mai zurfi da gudu yana watsa ƙazanta, gonaki suna nesa da juna balle su harbi juna da cuta, kuma an matsa daga bakin koguna. Norwe tana da tarihin da zai sa a saurare ta. A 1987 masu kiwon nan sun zuba kusan tan 50 na maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin kifi. Da aka koma yi wa kowane ɗan kifi allurar rigakafi, ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai shi teku, amfani da maganin ya ragu da kashi 99 cikin 100, alhali kifin ya ninka sau da dama.

Sai dai akwai lissafin da bai yi mini daɗi ba, kuma hukumominsu ne da kansu suka buga shi. Cibiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta ce a 2023 samon sama da miliyan 62 ne suka mutu a keji kafin su kai yanka, kusan kifi ɗaya cikin shida. Wani babban kaso na wannan asara daga yaƙi da ƙwarƙwatar ne. Ƙwaron ya saba da magunguna, sai aka koma zuƙo kifi ta bututu zuwa cikin jirgi, a tsoma shi a ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi ko a fesa masa ruwa mai ƙarfi, ƙwarƙwata ta saki. Kifin sanyi ne, ruwan ɗumin azaba ne a gare shi, yana fita da ƙujewa, in hunturu ya zo ƙujewar ta zama gyambo. Ana zuba wasu ƙananan kifaye masu cin ƙwarƙwata a keji su yi aikin tsinta, su ma mutuwa suke yi da yawa. Akwai na'urar da ke harbin ƙwaron da hasken lesa kifi na wucewa, ba ta taɓa shi, amma ba ta isa ita kaɗai ba. Doka ta matsa wa mai gona ya sauko da lambar ƙwarƙwata, ya sauko da ita, kifin da ke hannunsa ya biya kuɗin. Dabbar da ka tsare amana ce a wuyanka, ko tana da murya ko ba ta da ita. A ƙarshen 2024 gwamnati ta sa wa kanta burin rage mace-macen zuwa kashi 5 cikin 100, kuma tazarar da ke tsakanin buri da abin da ke ƙasa tana da yawa.

Na dajin ma bai tsira ba. A 2021 aka sa shi a jerin halittun ƙasar da ake fargabar makomarsu. A watan Yunin 2024 hukumar muhalli ta rufe koguna 33 daga kamun samon saboda ƙarancin waɗanda suka dawo, cikinsu har da Gaula da Orkla da muka tsallake. Ba ƙwarƙwata kaɗai ba ce, sauyin yanayin teku yana ciki, haka ma kifin keji da ke tserewa in raga ta yage, ya hau kogi ya haɗa iri da na daji ya raunana zuriyarsa. Dole mai gona ya kai rahoton tserewa nan take, ya kuma baza raga ya kamo. A farkon 2025 wani kamfani da kifi dubu 27 suka kuɓuce masa ya sa ladan kurona 500 a kan kowane guda da aka dawo da shi.

Wani abu kuma ya shafe mu kai tsaye. Abincin samon yawancinsa yanzu tsiro ne, waken suya daga Birazil da alkama da man ganye, amma sai an haɗa da garin kifi da man kifi. Wani ɓangare na wannan mai daga gaɓar Afirka ta Yamma yake zuwa, daga masana'antun Nuwadibu a Muritaniya da ke niƙa ƙananan kifaye, irin waɗanda mata a Senegal da Gambiya suke bandawa su sayar wa talaka. Danjar Norwe ba ta auna wannan. Ikonta a bakin ruwanta ya tsaya.

Inda na sara musu ba tare da wani amma ba shi ne batun mallakar ruwa. Mutumin Argungu ya san kogin Matan Fada ba na mai babban taru ba ne, na al'umma ne, kuma babu mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya yi izini. Haka Norwe ta ɗauki tekunta. A watan Satumban 2022 firaminista Jonas Gahr Støre ya ba da sanarwar harajin musamman na kashi 40 a kan ribar da ake samu daga kiwo a teku, bisa hujjar da suke karɓar irinsa a kan mai da wutar ruwa. Hannun jarin kamfanonin ya faɗi warwas a kasuwar Oslo, aka yi ta kai ruwa rana, a watan Mayun 2023 majalisa ta tsayar da shi a kashi 25, ƙari a kan harajin kamfani na kullum. Akwai kuma asusun da ke raba kuɗin sayar da sabon lasisi ga ƙananan hukumomin da keji ke ruwansu, don mutumin tsibiri ya ga amfanin abin da aka girke masa a ƙofar gida.

Ocean Farm 1 duk girmansa yana kusa da inuwar tsibirai ne. Mataki na gaba shi ne teku ta gaske. A watan Nuwamban 2022 gwamnati ta ware wurare uku don nazarin kiwo a can: Norskerenna ta kudu, Frøyabanken ta arewa, da Trænabanken. Ba ta yi gaggawar raba lasisi ba, ta ce sai an auna tasirin abin a kan masunta da muhalli da hanyar da ƙananan samon na daji suke bi, kuma kamfanoni suna ta ƙorafin jinkiri. Ni ina tare da jinkirin. A can, guguwa tana iya hana jirgin likita ko na mai bincike isa keji kwana da kwanaki, kuma raga ɗaya in ta yage ba dubu 200 ne a bayanta ba, miliyan ne. Duk abin da ya burge ni a gaɓa ya dogara ne a kan cewa wani yana iya zuwa ya ɗaga kifi da hannu ya duba, wani kuma ya zo ya tabbatar bai yi ƙarya ba. Kada a ba kowa lasisin tsakiyar teku sai an tabbatar wannan ido zai iya binsa can a kowane irin yanayi, kuma a fara da kamfanonin da suka nuna a rubuce cewa kifinsu na gaɓa ya daina mutuwa ɗaya cikin shida.